Motar da ba ta da kujerar baya

Shekarun baya, daidai lokacin da furfura ta fara leƙo mini a gemu, wata ƙuruciya da ban yi a kan kari ba ta taso mini. Na ƙwallafa rai sai na sayi mota mai ƙofa biyu. Irin ƙananan nan gajeru masu ƙarar salansa, waɗanda in sun wuce sai mai shayi ya ɗaga kai ya bi su da kallo. Tun ina sakandare nake yanko hotunansu a jarida ina liƙawa a murfin akwatina. Matata tana da tata motar mai ƙofa huɗu, da ita take kai yara makaranta ta wuce wurin koyarwarta, don haka na ga ba wanda zan shiga haƙƙinsa. Da na gaya mata, sai ta dubi tumbina, ta dubi fuskata, ta ce, "To, Allah ya sa in ka shiga ka iya fitowa."

Ina da aboki tun na makaranta da yake sayar da motoci a Katsina. Wata rana ya kira ni ya ce guda biyu sun sauka daga Kwatano, in zo in gani, amma in taho da hankalina. Na je, hankalin kuma na baro shi a Daura.

Ɗaya baƙa ce, ƙirar Jamus. Tana da nauyi, tana da ƙarfi, giyarta da kanta take canzawa, sanyin esinta har cikin ƙashi. In ka rufe ƙofa sai ka ji duniya ta yi shiru. Tana da kujerar baya ta gaske, sai dai kafin mutum ya shiga sai an kwantar da ta gaba ya sunkuya ya cusa kai. Ɗayar ja ce, ƙirar Japan, mai giyar hannu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta yi sujada. Ba ta kai baƙar ƙarfi ba, amma ba ta da nauyi, kana murɗa sitiyari ta riga ta juya. Abin da masu ita suka kira kujerar baya kuwa wani ɗan benci ne da ko jakar hannu sai ka karkata ta kafin ta zauna.

Majalisarmu ta bayan la'asar sai da ta rabu gida biyu a kan motocin nan. Mutanen da duk abin hawansu bai wuce babur ba suka zama malaman inji. Masu goyon bayan baƙar suna cewa mota ta kullum jin daɗi ake nema a cikinta. Masu goyon bayan jar suna cewa in ta Jamus ta yi tari sai ka je Kano neman mai gane ciwonta. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, ni shaida ne ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba.

Abokina shi ya kawo shawara mai ma'ana. Ya ce, "Kai fa ba tsere za ka shiga ba. Daura zuwa Zango ne, Zango zuwa Daura, kullum ta Allah. Ɗauki baƙar ka hau 'yan kwanaki, ka dawo da ita ka ɗauki jar. Wadda ƙugunka ya yarda da ita, ita ce taka."

A ofishin noma na Zango nake aiki a lokacin. Amma akwai wata tafiyar ta kullum da ta faɗo kaina a daidai kwanakin, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, likita ya sa a riƙa kai ta asibiti gashin gwiwar kowace safiya. Autanmu ne yake kai ta, sai aka yi masa canjin wurin aiki, abin ya dawo wuyana. In ɗauke ta a gidanmu, in jira a gama, in maido ta, sannan in wuce Zango.

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuma jinin Fulanin wajen Mashi ce. Wanda ya san abin ya riga ya gane. Wanda bai sani ba, to, tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama kusa da ni ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ta yi mini magana ba. A wurin kakata na tashi, sai da na isa shiga sakandare aka dawo da ni Daura. Ƙannena suna ce mata Inna, suna kwanciya a gadonta, suna yi mata gardama a kan gishirin miya. Ni Hajiya nake ce mata, kamar baƙon da ya zo gaisuwa. In na durƙusa a ƙofar ɗaki na gaishe ta, sai ta amsa wa bango, ta miƙe ta nemi wani aikin da ba na gaggawa ba. In ba ni da lafiya, ƙanwata take tambaya, "Yayanku ya ci wani abu kuwa?" In ta dama fura ta aika gidana, sai ta ce a kai wa yara, alhali kowa ya san yaran nan ba sa shan fura mai yaji.

Na san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa yaba mata yake yi. Amma sanin hakan bai hana abin yi mini ciwo ba. Ranar da mahaifinmu ya rasu, ƙannena duk suna jikinta suna kuka, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina karɓar gaisuwar mutane. Na haura shekara arba'in ban taɓa yin hira da uwata ba, kuma ba abu ne da mutum zai kai ƙara wurin kowa ba.

Baƙar na fara kawowa. Ƙanwata, wadda take zaune da ita a gida, ta riƙo ta suka fito. Na buɗe ƙofa na tura kujerar gaba baya yadda za ta miƙe ƙafa. Hajiya ta dubi kujerar, ta dubi ƙanwata.

"Ta ina ake shiga bayan?"

"Inna, ki zauna gaba mana, ga ƙafarki. Ni sai in shiga bayan."

Hajiya ta tsaya ƙyam, ta ƙi shiga. Dole na kwantar da kujerar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta sunkuya, ta dafa nan ta dafa can, tana cije leɓe, ta ja ƙafar da hannu biyu har ta shige. Ina tsaye ina kallo, ba damar in kama ta. Fitowa ta fi shiga wuya. Haka muka yi ta yi duk kwanakin baƙar. Ƙanwata a gaba tana zuba surutu, Hajiya a baya, ni kuma in na saci kallon madubi ba abin da nake gani sai gefen mayafi. In tana da magana, ta ƙanwata take bi. "Ce masa ya rage sanyin nan." Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, wai ka rage sanyi," kamar ni kurma ne.

Ita dai motar, gaskiya ba ta da laifi. A hanyar Zango kamar a kan katifa nake tafiya. Na mayar da ita Katsina da niyyar cewa jar ma hawan cika alkawari kawai zan yi mata.

Wallahi ban yi tunanin komai ba sai da na tsaya a ƙofar gidanmu da safe na ga su biyu sun fito. A lokacin na tuna kujera biyu ce. Matata ta riga ta fita da yara. Ƙanwata ta leƙa ta gilashi, ta toshe baki tana dariya.

"Inna, wannan fa ba ta da baya."

"Kamar yaya ba ta da baya?"

"Zo ki gani. Ko kaza sai ta naɗe ƙafa."

Hajiya ta leƙa da kanta, ta daɗe tana leƙe. Ta ce a nemo adaidaita. Damina ce, an kwana ana ruwa, lungunmu ya zama kududdufi, ba mai adaidaitan da zai shigo, ita kuma ba za ta iya takawa bakin titi ba. Maƙwabciyarmu da take shara a ƙofar gida ta sa baki ta ce, "Haba Hajiya, lalura ce fa. Ki shiga ku tafi kar layi ya yi tsawo." Ina jin kalmar lalura ce ta yi aiki. Ta ja mayafi ya rufe rabin fuskarta ta gefena, ta zauna, ta juya wa taga fuska kamar an ce mata akwai abin kallo a katangar maƙwabta.

Motar ƙarama ce, in na sa giya ta biyu gwiwar hannuna kamar za ta taɓa mayafinta. Ina jin ƙamshin turaren wutar da yake jikin kayanta, wanda ban taɓa ji daga kusa haka ba. Saboda ruɗewa na manta da tudun rage gudun da yake kusa da kasuwa. Cikin motar ya gogi tudun, ƙuuu, mu duka muka yi sama.

"Innalillahi!" Ta dafe gaban motar. Ta waiga don ta ce wa ƙanwata ta gaya mini, ba ƙanwata. Sai ta mayar da ido kan gilashin gaba ta ce masa, "Mutanen yanzu dai ba sa duba gabansu."

Na ce wa sitiyari, "A yi haƙuri, ba a gani ba ne."

Daga nan aka samu hanya. Ita ta yi wa gilashi magana, ni in ba sitiyari amsa. Da yamma matata ta ce gobe in ɗauki tata motar saboda Hajiya. Na ce yara ba za su shiga jar ba, ita kuma ba ta iya giyar hannu ba. Duka gaskiya ne, amma saurin da na yi wurin faɗa ya sa ta tsaya tana kallona.

Kwanakin jar suka yi ta tafiya. Motar tana jijjiga mu, duk tsakuwar da ta taka sai ƙuguna ya sani, hulata kullum a karkace saboda rufin ya yi ƙasa. Amma gilashi ya ji labarai. Ya ji tsadar gero, ya ji wace ce ta haihu a dangi, ya ji cewa ma'aikaciyar da take gasa mata gwiwa, hannunta da nauyi amma tana da kirki. Wata safiya har ya ji cewa wasu mutane sun rame, ko ba a ba su abinci a gidajensu ne oho. Na ce wa sitiyari ana ba su, aiki ne ya yi yawa.

Ranar da zan mayar da motar ta zo daidai da ranar ganin likitan ƙashi a Katsina, sai muka kama hanya mu biyu. Gero ya fitar da kai, gonaki kore shar dama da hagu. Mun kusa Mashi, daidai wata 'yar hanyar burji da take ratsewa zuwa ƙauyen kakata, sai na ji Hajiya ta yi gyaran murya.

"A nan aka taɓa sauka da wani yaro, za a kai shi yaye."

Na rage gudu ban sani ba.

"An ce in ya manta nono za a dawo da shi. Ya manta, tsohuwa ta ce ita ta riƙe. Ba mai ja da ita."

Na tambayi sitiyari, "Uwar fa?"

Can ta ce, "Uwar yarinya ce a lokacin. Aka ce ta tashi ta tafi tun yana wasa, kar ya gan ta. Ashe ya gani. Tana jin kukansa har ta fito bakin titin nan." Ta gyara mayafi. "Ba ta waiwaya ba, mutane na kallo. Da ta shiga mota ta lulluɓe fuska har Daura, aka ɗauka barci take."

Ni da nake taƙama da iya tuƙi, na nemi giya ta huɗu na sa ta biyu. Motar ta yi kuka ta zabura. Titi ya zama ruwa-ruwa a idona, na rasa yadda zan share ba tare da ta gani ba.

"A dai riƙa duban hanya," in ji ta. Muryarta ita ma ba daidai take ba.

Bayan mun gama da likita muka biya wurin abokina, tunda dole a ɗaya daga cikin motocin za mu koma gida. Ya sa an wanke baƙar tana ta sheƙi. Ya ja ni gefe ya ce in bar son zuciya, baƙar ce motar mai iyali, jar ta 'yan samari ce, wata shida zan yi in fara neman mai gyaran ƙugu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni kuma na kasa gaya masa dalilina, don ban san ta inda zan fara ba. Tsoro kuma nake ji kar ya zama ni kaɗai nake jin daɗin abin, ita a takure take.

Daga nan sai ya je ya durƙusa gaban Hajiya, tana zaune a kan kujerar roba a inuwa. Shi tana hira da shi sosai, har tsokanarsa take yi.

"Inna, ki raba mana gardama. Wacce za a ɗauka?"

"Ni me na sani a mota, ɗan nan? Duk ba taya huɗu ba ne?"

"Duk da haka, Inna. Ke kika hau su duka."

Ta dubi baƙar, ta ɗan taɓe baki. "Waccan dai shiga bayanta wahala ne ga mai ciwon gwiwa."

"Ai tana da gaba, Inna! Sai ki zauna gaba. Kujerarta ma ta fi ta jar laushi nesa ba kusa ba."

Ta yi masa wani kallo, irin wanda ake yi wa babban da ya yi maganar yara.

"Mota da bayanta, in zauna gaba? A ina ka taɓa gani?"

Ta dafa sandarta ta miƙe, ta taka a hankali ta wuce baƙar da aka wanke, ta je ta tsaya a bakin ƙofar jar da duk taɓon Daura yake jikinta, tana jira a buɗe mata. Abokina ya dube ni, ya dube ta. Shi ma ɗan fari ne. Ya shiga ofis ya ɗauko takardun jar.

Na sha wahalar motar nan, ba zan ɓoye muku ba. Duk tudun da yake tsakanin Daura da Zango ya san cikinta. Buhun gero ba ya shiga but ɗinta sai an raba shi biyu. In na je ɗaurin aure da babbar riga, fitowata kaɗai abin kallo ce, abokai har taruwa suke yi su ba ni hannu. 'Yan majalisa masu goyon bayan baƙar sun yi shekara suna yi mini dariya, na bar su da nasararsu.

In na tuna abin yanzu, abin da nake gani shi ne na daɗe ina jiran ranar da mahaifiyata za ta ajiye kunyarta, ita kuwa ba abin ajiyewa ba ce a wurinta. Da ita aka raine ta, da ita ta san kanta, kuma ta biya ta da tsada fiye da yadda na biya. Ashe duk shekarun nan ba ni kaɗai nake tsaye a bakin ƙofa ba. Uzuri kawai muke nema mu biyun, wanda in an tambaye ta za ta ce lalura ce, ba wanda zai ce ta yi rashin ta-ido. Don haka in kuna da tsoho ko tsohuwa mai irin wannan hali, kar ku tsaya jiran su canza, kuma kar ku tsare su da maganar zamani. Ku nemo musu uzurin da za su fake da shi.

Har yau ba ta kira sunana ba, kuma na daina jira. Har yau in motar matata aka shiga, baya take zama, ba ta cewa uffan. Jar ta tsufa, fentinta ya koɗe, samari sun sha tare ni a gidan mai suna tambaya ko ta sayarwa ce. Gwiwa kuwa ta daɗe da warkewa, an sallame ta daga gashi, amma ba a rasa dubiya ko gaisuwar rasuwa a Mai'adua ko Mashi da za a ce in kai ta.

Bara motar ta lalace, ta daɗe a gareji ana jiran wani ƙarfe daga Legas. Aiki ya sha kaina, na yi sakaci da bibiyar bakaniken. Rannan ina ofis sai ga kiran ƙanwata.

"Yaya, Inna ta ce a tambaya, wai har yanzu ba a gyara motar nan ba? Ta ce gwiwar ta fara motsa mata."

Na ce, "Subhanallahi, tun yaushe? Bari in zo da motar gida yanzu mu je asibiti."

Ƙanwata ta rage murya, ina jin tana danne dariya. "Yaya, gwiwar nan lafiyarta ƙalau. Jiya da ƙafa ta je barka har bayan kasuwa ta dawo, ko sanda ba ta riƙe ba. Ta ce ba sauri, a bari sai an gyara jar."

Na ajiye waya na daɗe a zaune. Sannan na tashi na rufe ofis, na hau ɗan acaɓa zuwa tasha, na wuce garejin kai tsaye. Na ce wa bakaniken ko daga ina ne ya nemo ƙarfen nan a satin nan, akwai mara lafiya tana jira.